Gargaɗi: Kada a shafa wa wurin gashin ciwon daji abin da likita bai ce ba

Jama'a, duk mai ɗan uwa da ake yi wa gashin ciwon daji da na'ura, a Shika ne, ko Sakkwato, ko Abuja, ya saurara.

Ranar farko ba a ganin komai a fatar wurin da ake gasawa, shi ya sa ake sakaci. Sai an shiga mako na 2 ko na 3 wurin zai fara duhu, ya bushe, ya riƙa ƙaiƙayi. Hasken na'urar da ke kashe ƙwayoyin cutar yana taɓa ƙwayoyin da ke sabunta fata, sai ta kasa gyara kanta da wuri. Inda ya fi tsanani shi ne inda fata ke gugar fata, gumi na taruwa: ƙarƙashin nono, hammata, wuya, matsematsi. Kuma yakan ƙara tsananta mako 1 zuwa 2 bayan an gama gashin, lokacin da kowa ya saki jiki.

A nan ne ƙauna ke yin ɓarna. 'Yan dubiya su cika ɗaki, wannan ta miƙo man zafi, waccan ta ce a gasa wurin da ruwan ɗarbejiya mai zafi kamar wankan jego. Don Allah a ƙi karɓa. Fatar ta zama kamar ta jariri sabon haihuwa. Abin da zai yi wa lafiyayye daɗi, ita saluɓe ta zai yi. Ban da turare, ban da man bilicin, ban da ƙanƙara, ban da reza, ban da filasta mai manne.

A wanke wurin da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙamshi, da tafin hannu, ba soso ba. A ɗan danna tawul mai laushi ya tsotse ruwan, kada a goga. A sa riga ta auduga sakakkiya, a kare wurin daga rana. Man da ma'aikatan gashin suka bayar kaɗai za a shafa. Alamun da suka zana a jiki kuma kada a kankare su, da su ake saita na'ura.

Mai karɓar gashin na'ura daga waje ba ya ɗauke da hasken a jikinsa. A rungume shi, a ci abinci kwano ɗaya da shi.

Idan wurin ya yi ƙuraje masu ruwa, ko ya fara tsatsafo ruwa, ko mugunya da wari, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka ba ku. Kada kuma majinyaci ya daina zuwa gashi da kansa saboda fata. Tsallake kwanaki na ba ciwon damar farfaɗowa, likita ne kaɗai zai ce a dakata.