Daga Ƙurar Hunturu Zuwa Allurar Sanƙarau

Duk wanda sharar aji ta taɓa faɗowa kansa a watan Janairu ya san aikin baban giwa. A share da sassafe, a goge benci, kafin a tashi tara ƙura ta sake kwantawa har mutum ya rubuta sunansa da yatsa a kan teburin malam. Mu ma mun sha wannan sharar, ga leɓe a tsage, ga faso a diddige, amma ba mu taɓa tambayar daga ina ƙurar take ba. Mun ɗauka ta filin ƙwallo ce, ko ta motocin da ke bin hanyar Shinkafi ranar kasuwa.

Ashe yawancinta baƙuwa ce. A arewacin ƙasar Chadi akwai wani kwari mai suna Bodele, nisan fiye da kilomita 1,000 daga Ƙauran Namoda. Shekaru kamar 7,000 da suka wuce wurin ƙasan wani makeken tafki ne, kakan Tafkin Chadi na yau, wanda faɗinsa ya ninka Jihar Zamfara fiye da sau takwas. Da ruwan ya janye sai ya bar farin gari mai laushi, ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani. Gabas da arewa da wannan kwari akwai duwatsun Tibesti da na Enedi. Iskar hunturu takan kutso ta tsakaninsu, kuma kamar yadda ruwa ke ƙara gudu idan ya shiga matsattsiyar kwata, haka ita ma take ƙara ƙarfi, ta ɗebi garin nan ta yi sama da shi. Kwana ɗaya zuwa biyu, ya iso kanmu.

Me ya sa bai zube a hanya ba? Nan malamin fizik zai karɓi alli. Ƙwayar rairayi tana da nauyi, iska na sakinta sai ta faɗi. Amma yawancin ƙwayoyin hazo kaurinsu bai kai maikuron 10 ba, alhali silin gashin kanku ɗaya ya kai kamar maikuron 70. Abu mai ƙanƙanta haka, iskar da ke kewaye da shi takan riƙe shi, sai ya yi kwanaki yana shawagi. Su ne ke warwatsa hasken rana har ta koma fara kamar faifai, su ne kuma ke hana jiragen sama sauka a Kano da Sakkwato. Wata ƙurar Saharar ma ba ta tsayawa sai ta ƙetare tekun Atlantika: a 2015 masu bincike da ke amfani da tauraron ɗan'adam na hukumar NASA ta Amurka sun ƙiyasta cewa tan miliyan 27.7 na sauka a dajin Amazon kowace shekara, tana zame wa itatuwan can taki.

To, da a teburin malam kawai ƙurar ke tsayawa, da ba mu ɓata muku wannan shafi a kanta ba.

Abin da ya faro a Zurmi

A watan Disamba na 2016 aka fara ganin mutane a Ƙaramar Hukumar Zurmi da zazzaɓi mai zafi, da matsanancin ciwon kai, da sandarewar wuya. Sanƙarau ne. Kafin damina ta sauka a 2017 ya bazu a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kabi da wasu jihohi. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙirga mutum 14,518 da ake zaton sun kamu, 1,166 daga ciki suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu. Waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan shekara 5 zuwa 14, wato sa'o'inku da ƙannenku. Cikin waɗanda suka tashi kuma, akwai waɗanda ya bari da kurumta har yau.

Ku lura da lokacin: ya fara da hunturu, ya yi tsanani da bazara, ya lafa da zuwan ruwa. Iyayenmu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke cewa ciwon zafi ne. Wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana taswirar yankin da cutar ke yawan ɓarkewa a 1963, wani dogon zirin ƙasa da a yau ake lissafa shi daga Senegal har Habasha, kuma muna tsakiyarsa. Zafi da ƙura ba su ne ke haifar da cutar ba, bakteriya ce, wadda ake ɗauka ta numfashi da tari da atishawa. Abin mamaki, kamar mutum ɗaya cikin goma na iya ɗauke da ita a maƙogwaro yana lafiya lau. Abin da masana suka fi karkata a kai shi ne, busasshiyar iska da ƙura suna yi wa fatar cikin hanci da maƙogwaro abin da suke yi wa leɓe. Idan katangar ta tsage, baƙon da ke zaune a zaure sai ya shige cikin gida, ya bi jini har ya kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. A Nijar an gwada bayanan iska da ƙura na shekaru da dama da adadin masu kamuwa, aka ga suna tafiya tare, har ana amfani da su wajen hasashen shekarar da za a fi shan wuya.

Sai dai akwai abin da ya ɗaure wa jama'a kai a 2017. Ba an yi rigakafin sanƙarau ba? An yi. Bayan annobar 1996, wadda ta kashe mutum kusan 25,000 a Afirka, an ƙirƙiro allurar MenAfriVac. An fara ta a Burkina Faso a Disamban 2010, Nijeriya ta bi sahu a 2011, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Ta yi aiki ƙwarai. To me ya dawo?

Riga ce ta canja

Wannan bakteriya tana sanye da wata riga ta sukari da ke ɓoye ta daga sojojin jiki. Rigunan kala-kala ne, kuma da su ake raba ta gida-gida: A, B, C, W, X da Y. MenAfriVac ta koya wa jiki gane mai riga A kaɗai, domin shi ne ya daɗe yana ɓarna a nan. Wanda ya shigo Zurmi mai riga C ne. Mai gadin da aka nuna wa hoton ɓarawo ɗaya, ba laifinsa ba ne idan wani daban ya wuce ta gabansa.

Daga nan aikin ya koma hannun masu karanta ƙwayoyin gado. Duk abin da bakteriyar nan ta gada rubuce yake a jikin zaren DNA, da haruffa huɗu kacal da ake ta maimaitawa har fiye da miliyan biyu. Da aka karanta, sai aka ga ba tsohon C ɗin da aka sani a wasu ƙasashe ba ne, sabon iri ne, aka ba shi lamba ST-10217. An fara ganinsa a Jihar Sakkwato a 2013, sai Kabi a 2014, ya yi ɓarna a Yamai a 2015, sannan ya iso mana. A 2018 masu bincike a birnin Oslo na ƙasar Nowe suka bi salsalarsa, suka tarar danginsa na kusa wata bakteriya ce marar riga, marar cutarwa, da aka taɓa samu a maƙogwaron wani mai lafiya a Burkina Faso. Bakteriya na iya tsintar guntun DNA na 'yar'uwarta ta liƙa a nata. Haka wannan ta tsinci umarnin ɗinka riga C, ta tashi daga 'yar zaman banza ta zama makashiya. Mu dai wannan ne ya fi tsaya mana a rai cikin labarin duka: wani ɗan canji da ya faru a maƙogwaron mutum ɗaya, wanda shi kansa bai sani ba, ya zo ya rufe ƙofofin gidaje a Zurmi.

Sanin rigar abu ne, koya wa jiki gane ta wani abu ne daban. Tsofaffin alluran sanƙarau sukarin rigar kawai ake sa wa a ciki. Jikin jarirai ba ya kula shi sosai, na manya kuma yakan manta bayan 'yan shekaru. Dabarar da injiniyoyin halittu suka yi ita ce ɗaure sukarin a jikin wani furotin da jiki ba ya wasa da shi, kamar dafin cutar tetanus da aka kashe wa kaifi. Jiki na ganin furotin sai ya tashi tsaye, ya haddace sukarin da ke manne da shi. Irin wannan allura har daga maƙogwaro take korar bakteriyar, don haka wanda aka yi wa ya kare na kusa da shi. Kamfanin Serum Institute na Indiya ne ya haɗa MenAfriVac a kan ƙasa da rabin dala kowace allura, kuma tana jure kwana huɗu a wajen firji ko zafi ya kai digiri 40, abin da duk wanda ya san halin wutar lantarkinmu zai gane darajarsa. Da wannan dabarar aka sake haɗa wata mai suna Men5CV, mai gane riguna biyar a lokaci ɗaya: A, C, W, X da Y. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da ita.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: duk wannan bincike na Oslo da Indiya yana farawa ne daga ɗan ruwan da ma'aikacin lafiya ke zuƙowa daga gadon bayan majinyaci, a rufe shi da kyau, a kai ɗakin gwaji kafin ya lalace. A annobar 2017, kusan mutum ɗaya cikin goma ne kawai aka samu gwada nasa. A ganinmu nan ne giɓin ya fi faɗi, kuma ba baƙi ne za su cike shi ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya nan a Ƙaura tun 1983, wasunku kullum ta ƙofarta suke wucewa.

Kafin nan, idan wani a gida ko a ɗakin kwanan makaranta ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai, wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, ko haske ya riƙa damunsa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye. Sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya, amma yana jin magani idan an yi sauri.

Masu son ganin baƙuwar Bodele da idonsu kuma, ku sami farin kwali, ku shafa masa basilin kaɗan, ku rataye a bayan aji inda ba a shara. Kowace safiya ku canja sabo, ku rubuta kwanan wata a bayansa, ku kuma rubuta ko kuna iya hango tankin ruwa ko ƙarfen sabis mafi nisa daga ƙofar ajinku. Ku fara daga Disamba, ku jera kwalayen a bango har ranar da ruwan farko zai sauka.