Rimi: Gwamnan da ya soke haraji, Ministan da ya bar baya da ƙura

Daga Kwanar Ɗangora zuwa Doguwa, dattawa ba su manta da lokacin haraji ba. Da kaka ta yi, mai unguwa zai bi gida-gida, wanda ba shi da takardar biya kuwa sai ya sayar da damin dawa ko ya tsallake gari cin rani. Fulanin dajin Falgore su ma jangali na jiransu, ana ƙirga shanu kai-kai. Muhammadu Abubakar Rimi, ɗan ƙauyen Rimi ta ƙasar Sumaila, shi ya soke duka biyun bayan ya hau kujerar gwamnan tsohuwar Jihar Kano a 1979 a jam'iyyar PRP.

Bai tsaya nan ba. Ya kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, da jaridar Triumph, da gidan talabijin na CTV wanda yau ake kira ARTV da sunansa. Ya ɗaga darajar sarautar Rano, Gaya da Ƙaraye. Sai dai zafin kansa ya jawo masa: ya raba gari da Malam Aminu Kano, PRP ta dare gida biyu, santsi da taɓo, sannan takardar tuhumar da gwamnatinsa ta aika wa Sarki Ado Bayero ta haddasa tarzomar Yulin 1981, inda aka kashe mashawarcin Rimi, Dakta Bala Muhammad. A 1983 ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi a zaɓen gwamna.

Kujerar minista ta zo a ƙarshen 1993, kuma ta zo da magana. Rimi ɗan SDP ne, ya yi wa ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar, Abiola, yaƙin neman zaɓe, ga shi ya karɓi Ma'aikatar Sadarwa a hannun Janar Sani Abacha. Masoyansa suka ce gyara daga ciki ya je yi. Uzurin bai gamsar ba, don da wuya a sami manomi a Kiru ko Bebeji da zai nuna abin da wannan muƙami ya ƙare shi da shi, a zamanin da wayar NITEL ta tsaya a birni.

Bai wuce 1995 a kujerar ba. A 1998 gwamnatin Abachan ce ta tsare shi tare da Sule Lamiɗo saboda adawa da tazarce, bayan fitowarsu kuma aka kafa PDP da su. Ya rasu ranar 4 ga Afrilu, 2010.