Masu Keke Da Direbobi A Hanyar Ƙauye

A ranar kasuwa ko ranar babban taro mukan ga masu keke goma ko fiye sun jeru a kan hanyar ƙauye, wani da buhu a kariya, wani ya goyo ɗansa. Motoci kuma suna bin wannan siririyar kwalta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara ta hatsarin hanya, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Saboda haka ya kamata kowa ya san abin da ke wuyansa.

Bari mu fara da direba, gama shi ne mai ƙarfi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 cikin daƙiƙa ɗaya. Wato kafin ƙafarka ta kai kan birki, ka riga ka shafe wannan tazara. Don haka da zarar ka hango ayarin keke, sai ka rage gudu tun daga nesa. Ka danna oda sau ɗaya tun kana baya, kada ka bari sai ka zo dab da su, domin wanda ya firgita yakan karkata cikin hanya.

Sa'ad da za ka wuce su, ka ba su fili. A Birtaniya, tun Janairu 2022, ƙa'idar hanya ta ce a bar wa mai keke aƙalla mita ɗaya da rabi, a ƙara kuma idan gudun ya yi yawa. Dalili shi ne, mai keke yakan kauce wa rami ba zato, iskar babbar mota kuma takan tura shi, sa'an nan ta jawo shi. Kada ka wuce a kwana, ko a kan tudu, ko bakin gada. In ba ka ganin gabanka, ka jira. Sauri ya haifi nawa.

Ku kuma masu keke, ku bi hannun dama tare da motoci, kamar yadda ake tuƙi a Nijeriya tun 1972. Kada ku tunkari mota ta hannun hagu. Inda hanya ta ƙuntata, ku bi juna ɗaya bayan ɗaya. Amma ku lura: keke goma a jere, da tazarar da ke tsakaninsu, sukan kai mita 40, direba kuwa zai daɗe a hannun da ba nasa ba kafin ya wuce ku duka. Gara ku rabu huɗu-huɗu ko biyar-biyar, ku bar fili a tsakani inda mota za ta iya shiga.

Na gaba shi ne idon ayari, shi zai nuna rami da hannu. Na baya shi ne kunne, shi zai ɗaga murya in mota na zuwa. Kafin ka juya, miƙa hannu, ka waiwaya. In za ku tsaya, ku sauka daga kwalta gaba ɗaya. Da almuru ko lokacin hazo, lalle a sa fitila a gaba, danja a baya, da tufafi masu haske. A duba birki kafin a bar gida.

Direban da ya yi haƙuri a bayanku, ku ɗaga masa hannu ku gode. Wanda ya yi ganganci, kada ku tare hanya don ramuwa, gama keke ba ya karo da mota.

Wanda ke kan keken nan uban wani ne, ko ɗan wani, ana jiransa a gida. Direban ma haka. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye hanya.