Tsohuwar Kwamfuta Ba Kayan Jari-Bola Ba Ce

Akwai wata magana da ta kama bakin masu gyaran kwamfuta, tun daga shagunan Beirut Road a Kano har zuwa Haɗeja, kuma ga shi ta fara samun gindin zama a makarantu da ofisoshin Auyo: wai duk kwamfutar da ta ƙi karɓar Windows 11 ta gama yayi, sai dai a nemi sabuwa. Da wannan hujja ake jibge na'urori masu rai a sito, ƙura ta lulluɓe su, ɓeraye su ci wayoyinsu, daga bisani a auna wa ɗan jari-bola a kan kilo kamar tsohon garmaho. Abin haushi shi ne yankin da ake wannan ɓarna yanki ne da ɗalibi zai iya kai ajin ƙarshe na sakandare bai taɓa ɗora yatsa a kan kibod ba, alhali tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta.

Maganar tana da tushe, amma an murɗe ta. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kariyar da ya saba, in ban da ɗan ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa, ciki har da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, waɗanda yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba. To a nan me ya lalace? Allon yana kawo haske, fanka tana juyawa, ƙwaƙwalwar tana lissafi kamar jiya. Kamfani ne ya yanke cewa hajarsa ba za ta ƙara hawa wannan na'ura ba, kuma hakkinsa ne a kasuwancinsa. Manomin shinkafa a fadamar Auyo ba ya jefar da injin ban-ruwa don dillali ɗaya ya ce ya daina kawo fulogi. Wani shagon yake nema.

Wani shagon a nan shi ne Linux, babbar manhajar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya faro a 1991, kuma lasisinta ya halatta wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba. Da zarar an ce kyauta ce sai a ji an taɓe baki, ana cewa araha ba ta ado. Mai faɗin haka ya duba aljihunsa. Wayar Android da yake hira da ita a kan Linux aka gina ta. Tun ƙarshen 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki, haka ma mafi yawan na'urorin da ke ɗauke da shafukan intanet. Manyan kamfanoni na biyan injiniyoyi albashi don su kula da ita, saboda cinikinsu ya rataya a kanta. Ita kuwa Windows ɗin da ake ɗora wa mutane a kasuwa kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sau da yawa ta sata ce da aka ɓalle wa makulli, kuma wanda ya ɓalle makullin babu mai tabbacin abin da ya cusa a ciki. A kanta ake shiga asusun banki, a kanta ake ajiye sakamakon ɗalibai. Haram ɗin da ke ciki ma ba a ko tuna shi.

Sai masu cewa Linux wahala gare ta, sai gwanaye masu rubuta umarni a baƙin allo. Haka take shekaru ashirin da suka wuce. Nau'o'in Linux na yau, irin su Linux Mint ko Lubuntu, suna da maɓallin farawa, da manyan fayil, da linzami, yadda wanda ya saba da Windows 7 zai gane hanya cikin yini guda. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, yana kuma adanawa a sigarsu. Har ma akwai tsarin kibod na Hausa a ciki, mai fitar da ƙ da ɗ da ɓ, abin da malaman Hausa suka daɗe suna fama da shi. Ƙorafi ɗaya ne mai nauyi, kuma dole a amsa shi da gaskiya: CorelDRAW da Photoshop ba su da sigar Linux, haka wasu manhajojin gwajin JAMB da ake sayarwa. Mai shagon buga katin biki da ke cin abinci da CorelDRAW ya zauna inda yake. Amma kwamfuta nawa ce a makaranta ko sakatariya take wannan aiki? Mafi yawansu rubutu ne, da jadawali, da shiga intanet.

Akwai kuma aikin da tsohuwar na'ura ta fi dacewa da shi, wato zama saba, uwar da sauran na'urori ke ɗiba daga gare ta. A sa mata manhajar Kiwix, a sauke Wikipedia ta Hausa da ta Turanci sau ɗaya a inda intanet ke da ƙarfi, a haɗa ta da ƙaramar rauta. Duk ɗalibin da ke harabar zai karanta ta wayarsa ba tare da ya kashe ko sisi a data ba. Manhajar Kolibri ma haka take da darussan lissafi da kimiyya. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da na kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja, ga aikin da ya fi kwafo furojet daga intanet daraja.

Wanda zai gwada, kada ya yi gaggawa. Ya fara kwashe takardunsa da hotunansa zuwa wani wuri, domin ɗora sabuwar manhaja na iya share komai. Ya nemi filashi mai gigabait 8, a saka masa Linux Mint a ciki, ya tayar da kwamfutar daga filashin ba tare da ya ɗora ba. A nan zai ga ko sauti da wayfai da firinta suna aiki. Idan ram ɗin gigabait 4 ne, Mint mai Xfce ta isa. Idan 2 ne, a gwada Lubuntu, a kuma rage buɗe shafuka barkatai. In da ɗan kuɗi, a canja tsohon faifai da SSD, domin shi ne gyaran da ya fi kowane sa na'ura ta farka. A buɗe ta a hure ƙura, musamman bayan hunturu, don zafi ne ke kashe su a ƙasarmu fiye da tsufa. Inda wutar KEDCO ba ta zama, laftof ta fi dacewa da zama saba, tunda cin wutarta kaɗan ne kuma ƙaramin sola zai riƙe ta. Wadda allon cikinta ya ƙone kam ta tafi, a cire ram da faifai kafin a sayar. Sannan duk wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san ba a ajiye na'ura a ƙasa a bakin kogin Haɗeja: a yi mata kanta mai tsayi, a kuma bar kwafin muhimman takardu a filashi a wani gida daban kafin watan Agusta.