Furen Hunturu a Tsakar Gida

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga Sahara, duk wanda ya ratsa Wurno da Goronyo zai ga abu biyu. A fadamar Gulbin Rima, inda ruwan madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 ke bi, albasa da tafarnuwa sun yi kore shar. A cikin gari kuwa, har zuwa Rabah, yawancin tsakar gidaje babu komai sai ƙura. Jama'a sun ɗauka cewa ɗari lokacin barcin tsiro ne, alhali muna da itatuwan da ba sa nuna adonsu sai a wannan lokaci.

Kariya ce kan gaba. Gindinta mai kumburi rumbun ruwa ne, shi ya sa take fitar da fure ruwan hoda bayan ganyenta ya zube. Rairayi take so da rana, kuma yawan ban ruwa ne ke ruɓar da ita. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, don haka a dasa ta inda yara da awaki ba sa kaiwa.

Mangwaro kuwa sanyin dare ne ke tunzura shi ya yi huda, tsakanin Disamba da Fabrairu. Mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu. Gabanin fure a rage masa ruwa, domin idan ya ƙoshi sabon ganye zai fitar, ba fure ba. Zogale ma, muddin yana samun ɗan ruwa, ba ya rabuwa da farin furensa, ga kuma ganyen kwaɗo. Shi gawo, wanda ke tohowa da kaka ya yi fure sa'ad da sauran itatuwan daji suka bushe, ya fi ƙarfin tsakar gida. Wurinsa gona ko bakin garka.

Akwai hikima a wannan tsari. Furen da ya fito da hunturu yakan jawo ƙudan zuma, a daidai lokacin da abincinsu ya yi ƙaranci, iri kuma ya nuna kafin saukar damina.

Sirrin aikin shi ne lokacin dashe. Ruwan sama a wannan yanki bai cika wuce wata huɗu ba, saboda haka a dasa a Yuli, saiwa ta kama kafin kaka. A haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, domin ɗanye yana kiran gara. A kewaye dashen da ƙaya, a rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa, a kuma karkato masa ruwan alwala.

Manomin da ya iya raya albasa a tsakiyar rani ba zai kasa raya itace biyu a gidansa ba. A zaɓi wurin tun yanzu, a tanadi taki, a jira Yuli.