Hilton Head: Yadda filayen golf suka cinye gonakin jikokin bayi a Amurka

Duk watan Afrilu manyan 'yan wasan ƙwallon lambu, wato golf, kan hallara a tsibirin Hilton Head da ke gaɓar Tekun Atlantika a jihar Karolina ta Kudu, domin gasar RBC Heritage. Mazauna tsibirin kimanin 37,000 ne, amma masu zuwa hutu kan haura miliyan biyu a shekara, filayen wasan kuma sun fi 20. Dab da rami na 18 na filin Harbour Town, inda ake kammala gasar, akwai tsohuwar maƙabartar baƙaƙen fata mai suna Braddock's Point. Yanzu tana cikin shingen rukunin gidajen Sea Pines, sai an bi ta ƙofar masu gadi ake isa gare ta.

Waɗanda ke kwance a wurin 'yan al'ummar Gullah ne, jikokin mutanen da aka kwaso daga Afirka ta Yamma aka bautar a gonakin auduga da shinkafa na yankin. A Nuwambar 1861 sojojin Arewa suka ƙwace tsibirin a yaƙin basasar Amurka, masu gonakin suka tsere. A 1862 aka kafa Mitchelville, garin 'yantattun bayi mai cin gashin kansa. Bayan yaƙin iyalai da dama suka sayi filaye, suka rayu da noma da su, kusan shekara ɗari babu hanyar mota zuwa tudu.

A 1956 aka buɗe gada, Charles Fraser kuma ya fara gina Sea Pines. Filin Harbour Town ya biyo baya a 1969. Daga nan ƙasar da ba a waiwaya ta zama zinariya.

Ba da bindiga aka karɓi yawancin filayen ba, da doka ne. Galibin magabatan Gullah sun rasu ba su bar rubutacciyar wasiyya ba, domin ba su da lauya, ba su kuma yarda da kotunan zamanin wariya ba. Sai fili ya zama gadon da ba a raba ba: 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne kowa na da kaso, amma babu mai iya nuna iyakarsa. Duk wanda ya san rigimar gonar gado zai gane haɗarin. Dillali ya samu jika ɗaya da ke zaune a New York, ya sayi ɗan kasonsa, ya zama abokin tarayya, sannan ya nemi kotu ta raba. Idan alƙali ya ga filin ba zai rabu ba, sai a yi gwanjonsa baki ɗaya, sau da yawa ƙasa da darajarsa.

Hanya ta biyu haraji ce. Duk otal ko filin wasan da aka gina kan ɗaga darajar ƙasar maƙwabta, harajinta ya hau. Wanda ya kasa biya, ƙaramar hukumar Beaufort kan sa filinsa a gwanjon shekara-shekara. A wurin ne magada kan miƙe su shelanta cewa filin na gado ne, don sauran masu taye su janye. Al'ada ce kawai, doka ba ta tilasta wa kowa ba.

A 2016 jihar ta yi dokar da ke ɗauke da sunan Clementa Pinckney, sanatan da aka kashe a harin cocin Charleston na 2015. Ta wajabta a ƙiyasta darajar fili, a kuma fara ba sauran magada damar sayen kason mai son sayarwa. Gyara ne mai amfani, sai dai ya zo a makare, bai kuma taɓa batun haraji ba. Ko a 2023 wani kamfanin gine-gine ya maka wata dattijuwa mai shekara 93 a kotu kan filin gadon mijinta. Ta rasu a Janairun 2024, kafin a kai ga sasantawar da ta bar filin a hannun iyalinta.