Allon da Ake Tuƙawa a Tsaye: Sauƙin Hawa, Wuyar Sanin Ruwa

A bakin tafkuna da gaɓar teku na Turai da Amurka, duk ranar hutun da gari ya yi haske, za ka ga iyalai na sauke manyan jakunkuna daga bayan mota. Cikin kowace jaka akwai allon roba a naɗe, da famfon hura iska, da dogon filafili da ake harhaɗawa. Bayan kamar minti goma ana buga famfo, sai naɗin nan ya miƙe ya zama allo mai tsawon mita uku da 'yan kai, ya yi taurin da ƙaton mutum zai tsaya a kansa bisa ruwa yana tuƙi. Turawa na kiran wasan SUP a taƙaice. Ya bazu sosai a lokacin kullen korona na 2020, sa'ad da mutane ke neman abin yi a sarari ba tare da cuɗanya ba.

Tuƙi a tsaye ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa tsallaka kogin Kwara a Yawuri ko ya je bakin tafkin Chadi. Amma wannan na nishaɗi daga tsibiran Hawai ya fito. A tsakiyar ƙarni na 20, samarin da ke koya wa baƙi hawan igiyar ruwa a gaɓar Waikiki sukan miƙe tsaye a kan manyan allunansu da filafilin kwalekwale a hannu, don su hango ɗalibansu, su hango igiyar da ke tafe, su kuma ɗauki hoto ba tare da kyamara ta jiƙe ba. Ana yawan ambaton John Ah Choy da 'ya'yansa Leroy da Bobby cikin waɗanda suka riƙe wannan al'ada. Sai farkon shekarun 2000 Laird Hamilton da Dave Kalama, gwanayen hawan manyan igiyoyi, suka farfaɗo da ita, duniya ta ɗauka. A 2012 aka yi gasar duniya ta farko a ƙasar Peru, a 2017 kuma wani ɗan Afirka ta Kudu, Chris Bertish, ya gama tsallake tekun Atlantika shi kaɗai a kan wani allo da aka ƙera masa musamman, daga Agadir ta Maroko zuwa tsibirin Antigua, cikin kwana 93.

Abin da ya kai wasan hannun iyalai shi ne allon da ake hurawa. Balan-balan in ka hura shi kumbura yake ya zama ƙwallo, to me ya hana wannan? A cikinsa akwai dubban zaruruwa masu tsawo ɗaya, kowanne ya ɗaure rufin sama da na ƙasa. Iska na shiga tana tura su, zaruruwan na riƙewa, sai ya tsaya shafal. Ana hura shi zuwa kusan rabin iskar da ake ba tayar mota. A farkon bugu allurar ma'aunin famfon ba ta ko motsi, mutum ya ga allo ya cika ya ce ai shi ke nan. Bai yi ba. Bugun ƙarshe, wanda ke sa kafaɗa ciwo, shi ke kawo taurin, kuma allon da bai sha iska ba lanƙwashewa yake a tsakiya ya riƙa zubar da mahayinsa.

Dalilin da ba ya nitsewa lissafi ne mai sauƙi. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Allon koyo yana da girman lita 240 zuwa 300, shi kansa kuwa nauyinsa wajen kilo goma ne, don haka uba da ƙaramin ɗansa ba su kai nauyin da zai danna shi ƙasa ba. Abin da ke hana shi kifewa faɗi ne, wajen santimita 80. Ƙarƙashin wutsiyarsa akwai wani ɗan fiffike da ke sa shi tafiya a miƙe.

Mai koyo a durƙushe yake farawa, a inda ruwa ya kai ƙugu. A tsakiyar allon akwai mariƙin da ake ɗaukarsa da shi, nan ne daidai wurin tsayawa, ƙafa ɗaya a dama da shi, ɗaya a hagu. Idan mutum ya fara miƙewa, gwiwoyinsa rawa suke, yatsun ƙafarsa su ƙanƙame robar har tafin ya ƙage. Maganin shi ne ya daina kallon ƙafafunsa, ya kafa ido a kan wata bishiya can nesa, ya sassauta gwiwa, ya soma tuƙi, domin allo mai tafiya ya fi na tsaye daidaito, kuma filafilin da ke cikin ruwa madogara ne. Kusan kowa yana fara riƙe filafilin a juye: bakinsa a karkace yake, kuma karkatar gaba ya kamata ta fuskanta, ba wajen mai tuƙi ba. Yara sun fi iyayensu saurin kamawa saboda gajarta da rashin tsoron faɗuwa. Ba a jimawa za ka ji yarinya daga kan nata allon tana cewa, "Baba, ka daina kallon ƙasa mana!"

Ina ganin wasan ya dace da iyali ƙwarai. Ba inji, ba ƙara, ba mai. Ƙaramin yaro zai zauna a gaba sanye da rigar kariya mai hana nitsewa daidai jikinsa, wanda ƙafarsa ke ciwo ya tuƙa a zaune. Mace za ta yi shi a suturce, da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwali mai kama kai. Sai dai dogon hijabi da zane da babbar riga ba na shiga ruwa ba ne: suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa a daidai lokacin da ake neman ta.

Amma sauƙin nan shi ne abin da ya fi damuna. Matuƙin kwalekwale na Yawuri a ruwa ya tashi, ya san launin ruwa mai zurfi, ya san iskar da ke zuwa kafin hadari. Wanda ya sayi allo a kanti kuwa, cikin rabin awa ya iya tsayawa, cikin awa ɗaya ya yi nisa da gaɓa, alhali bai san komai game da ruwa ba. Tun 2008 ma hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka ta sa allon a sahun jiragen ruwa muddin an fita da shi daga wurin wanka, wato dole a tanadi rigar kariya.

Babban abokin gaba iska ce mai busowa daga tudu zuwa teku. Yaudara gare ta, domin tana kwantar da ruwan bakin gaɓa ya yi lumui, sai an yi nisa a ji ƙarfinta. Mutum a tsaye jikinsa tare iska yake, allon kuma ba nauyi, sai ta kwashe su gaba ɗaya. A watan Agustan 2020, wasu 'yan mata biyu 'yan uwan juna, mai shekara 23 da mai 17, sun shiga ruwa da yamma a gaɓar Furbo kusa da Galway a ƙasar Ireland. Iska ta ja su cikin teku, suka kwana a can, kusan awa 15. Abin da ya tsirar da su, bayan ikon Allah, sanye suke da rigunan kariya, sun ɗaure allunansu wuri ɗaya, ba su rabu da su ba, daga baya suka kama wata alamar tarkon masunta mai yawo a ruwa. Wani masunci da ɗansa suka lissafa inda iska da igiyar ruwa za su kai su, suka tarar da su kusa da tsibirin Inis Oírr. Abin da masu koyarwa ke faɗa shi ne a fara tafiya ana fuskantar iska don ta taimaka a dawowa, idan ta yi ƙarfi a durƙusa ko a kwanta rub da ciki a tuƙa da hannu, a kuma rataya waya cikin jakar da ruwa ba ya shiga.

Sai igiyar da ke haɗa mutum da allonsa. A tafki ko teku, ta idon sawu ce mai ceto, don in ka faɗi iska ba za ta gudu da allon ba. A kogi mai gudu kuwa ita ce mai kisa. In ta sarƙe a reshe ko dutse, ruwa zai danne mutum, hannunsa ba zai kai idon sawu ya kwance ba. Don haka aka yi ta ƙugu, mai ɗan ƙulli a gaba wanda ja ɗaya ke sakinta. Ranar Asabar 30 ga Oktoban 2021, mutum tara suka shiga kogin Cleddau a garin Haverfordwest na yankin Wales, bayan ruwan sama mai yawa. A tsakiyar garin akwai ɗan shingen kankare da ruwa ke gangarowa ta kansa. A gindin irin wannan shinge ruwa juyawa yake yana komawa baya, duk abin da ya faɗa sai ya riƙa dawo da shi yana dannewa. Mutum huɗu suka rasu, har da ɗaya daga cikin jagororin tafiyar. Binciken hukumar haɗurran ruwa ta Birtaniya ya gano cewa jagororin ba su da horon da kogi irin wannan ke buƙata, kotu kuma ta ji cewa igiyoyin idon sawu sun ƙara wa mutanen wahalar kuɓuta. A Afrilun 2025 aka yanke wa mai kamfanin da ya shirya tafiyar ɗaurin shekara goma da wata shida.

Wanda ya kawo irin wannan allo gida don ya gwada a madatsar ruwa ko tafkin garinsu yana da ƙarin abin dubawa. Mai koyo faɗawa ruwa zai yi ta yi, kuma ruwan daɗi mai kwanciya, musamman bakinsa mai ciyayi, shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ba sai an sha ba, ta fata take shiga, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Akwai maganinta a asibiti, praziquantel, amma gara a tambayi ma'aikatan lafiyar yankin tun kafin a shiga. A nisanci bakin madatsa inda ake sakin ruwa. A je a gai da sarkin ruwa ko masuntan wurin, a tambaye su inda dorina ke kiwo, inda kada ke kwanciya, inda aka shimfiɗa raga, da lokacin da iska ke tasowa. Ranar farko kuma, kafin kowa ya yi nisa, babba da yaro kowa ya faɗa ruwa da gangan a inda ƙafa ke taɓa ƙasa, sanye da rigarsa, ya koyi kama mariƙin tsakiya, ya ɗora ƙirji, ya harba ƙafafu ya koma kan allo, har sai ya iya ba tare da an miƙa masa hannu ba.